Kwale-kwalen da Aka Sassaƙa a Hamada

A Agua Amarga babu ruwan da zai kai wa mutum idon sawu sai wanda ke cikin tanki. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa ce a tsakiyar hamada, layi biyu na gidajen kwano. Tun da jirgin ya daina zuwa mutane suka riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage gida goma sha ɗaya kawai ake hura wuta a ciki. A ɗaya daga cikinsu Clorinda take zaune da mijinta Remigio, kafinta, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen haɗa ƙofofi da akwatunan gawa.

Ita ba 'yar hamada ba ce. A Caleta Huanay aka haife ta, wani lungun masunta a bakin teku. Tana da shekara goma sha tara Remigio ya je gyaran rufin ɗakin ibadarsu, ya dawo da mata. Yayanta Eleuterio ya faɗa a bainar jama'a cewa shi bai ga abin da mace za ta yi da mai auna matattu ba, mutumin da ko tafin ƙafarsa bai taɓa jiƙawa ba. Wannan ba ta riƙe shi ba. Abin da ya raba su rasuwar mahaifiyarsu ce. Saƙo ya iso mata ran Talata, jirgi kuwa sai Asabar, ta je ta tarar har ƙasar kabari ta bushe. Eleuterio ya tare ta a bakin ƙofa ya ce da ba ta wahalar da kanta ba. Ta juya ko ruwa ba ta sha ba. Yau shekara ashirin da takwas.

Nibaldo ne ya kawo labari. Shi direban babbar mota ne mai kwasar busasshiyar ciyawar teku daga ƙauyukan gaɓa, kuma duk sanda ya biyo ta Agua Amarga sai ya tsaya shan shayi a gidansu. Ya ce teku ta yi fushi a watan Yuni, ta haɗa kwale-kwale bakwai da duwatsu a Huanay, har da na Eleuterio. Yanzu tsohon yana bin gaɓa da ƙugiya yana jawo ciyawa.

Clorinda ta ci gaba da yanka burodi kamar ba ta ji ba. Sai bayan kwana uku, tana shanya kaya a tsakar gida, Remigio ya zo ya tsaya a bayanta.

"Tsohuwa, na babanku taku nawa ne tsawonsa?"

"Me ɗin?"

"Kwale-kwalen."

Ta dube shi ta daɗe. Sannan ta ajiye bokiti, ta rufe ido, ta fara takawa daga bangon kicin, tana tuna yadda take bin gefensa tana yarinya da gwangwanin kwalta a hannu. Inda ta tsaya Remigio ya kafa ƙusa a ƙasa.

Katakon ya samo shi ne daga rumbun kayan tasha da ya rushe, jan katako mai ƙamshi da jiragen ruwa suka kawo tun zamanin kakanni. Shi bai san komai game da ruwa ba, ita kuma ba ta iya riƙe zarto ba. Sai ta zauna a kan kujera ta riƙa kwatantawa da hannu: cikinsa ya fi haka faɗi, hancinsa ya fi haka ɗagawa. In ya yi ba daidai ba ta ce ya warware. Maƙwabta suna leƙowa ta kan katanga suna cewa, "Maigida Remigio, wannan gawar wane ƙato ce?" Ya ce, "Taka ce, na bar maka wurin juyi." Shekara biyu da wata huɗu suka ɗauka. Suka shafa masa shuɗi a waje, rawaya a baki.

Ranar tafiya duk wanda ke da sauran ƙarfi a garin ya sa hannu aka ɗora shi a bayan motar Nibaldo, aka ɗaure da igiya. Clorinda ta ce ita ba za ta shiga gaba ba, warin man mota da surutun Nibaldo za su kashe ta kafin azahar. Aka shimfiɗa mata katifa a cikin kwale-kwalen, aka ɗaura zanin gado a sama don inuwa.

Daga inda take kwance ba ta ganin motar, ba ta ganin hanya. Hancin kwale-kwalen kawai take gani yana ɗagawa yana sauka, da ƙasa ja da fari tana wucewa ta gefe biyu. Da rana ta yi tsaka, kawalwalniya ta cika sararin gaba ɗaya, tsaunuka suka rabu da gindinsu suka rataya a sama kamar tsibirai. Wani lokaci sandunan waya sukan taso daga cikin ruwan nan na ƙarya, su yi tafiya tare da ita, su nutse. Ta yi barci ta farka, ta sake yi. A ɗaya daga cikin barcin ta ji muryar babanta yana cewa ta zauna tsakiya kada ta karkatar da su, ta gyara zama tun kafin ta buɗe ido.

Da la'asar suka isa Santa Ludovina. Can da garin haƙar farin gishirin nan ne da ake kaiwa ƙasashen waje don taki da albarushi. Yanzu bangaye ne kawai a jere babu rufi, da dogon bututun hayaƙi, da tulin ƙasar da aka tace wanda ya fi garin kansa girma. Mutum ɗaya ya rage, wata tsohuwa, Doña Audolina, wadda ke dafa wa direbobi shayi da ƙwai a tsohon gidan burodi. Ta fito tana kare ido da hannu, ta zagaya motar sau biyu.

"Nibaldo, yau kuma me ka sha?"

"Ni ɗan aike ne, Doña. Ga masu kaya nan, tambaye su."

Ta zuba musu shayi a kofunan ƙarfe. Ta ce a wancan ɗakin na ƙarshe aka haife ta, lokacin da mutum dubu uku ke amsa usur ɗin asuba a garin nan. Ta nuna da haɓa inda ake rawa ran Asabar, da inda Turawan kamfani suke da fili mai ciyawa da ba a barin kowa ya taka. Ranar da aka rufe aiki, in ji ta, mutane sun hau jirgi da tukwanensu da tsuntsayensu a keji, wasu har ƙofofin gidajensu suka ɓalle suka tafi da su. Mijinta yana kwance ba lafiya, suka ce sai jirgi na gaba. Yana nan a binne bayan tulin can, shi da 'ya'yanta biyu. Kullum da safe tana zuwa ta kaɗe furannin takarda da ke kan gicciyensu.

"A nan komai ba ya ruɓewa," in ji ta. "Na shekara goma suna nan, launin ne kawai ya tafi."

Can sai ta ce ko za a bar ta ta shiga kwale-kwalen. Remigio da Nibaldo suka tallabe ta ta hau taya, Clorinda ta jawo ta. Tsohuwar ta zauna a kan benci na tsakiya, ta dafa gefe biyu, ta miƙe wuya tana duban hamada. Iskar yamma ta taso tana kaɗa zanin gadon. Ta kai rabin sa'a a haka, sannan ta ce, "To, ya isa, na je na dawo. Ku sauke ni, wake na kan wuta."

A nan suka kwana. Da gari ya waye hanya ta fara gangara ta cikin wani kwazazzabo, tana lanƙwasa kamar igiya. Kunnuwan Clorinda suka toshe. Sai ga hazon teku yana hawowa ta ƙasa, fari, a hankali, ya haɗiye gaban motar sannan ya haɗiye ta. Ta ji sanyi a kumatunta. Ta shafa gefen kwale-kwalen ta ji danshi. A jikin duwatsu wasu tsire-tsire masu ƙaya suna tsaye kamar mutanen da suka fito kallon wucewarsu. Ta buɗe baki tana shaƙa, har ta ji gishiri a harshenta tun ba ta ga ruwan ba.

Garin Taltal na bakin teku yana nan yadda ta san shi, sai dai ya ƙara tsufa. Gidajen katako masu baranda, fentinsu yana ɓarewa, ungulaye jere a kan rufi sun baje fukafukai suna jiran rana. Tsofaffin da suka yi dakon gishiri a zamanin manyan jirage suna zaune a benci, dukkansu suna fuskantar teku, kamar an ce musu wani abu zai ɓullo. Nibaldo ya tsaya kusa da gadar masunta don su ci abinci. Clorinda ta sayi soyayyen kifi a takarda, ta ci a tsaye, da hannu, tana ƙona yatsu.

Kafin ta gama masunta sun kewaye motar. Wani mai hular ulu ya hau ya ƙwanƙwasa katakon, ya yaba. Sannan ya sunkuya ya zura ƙaramin yatsansa tsakanin katako biyu, ya shige har gaɓa ta farko. Rana da jijjigar hanya sun buɗe duk inda Remigio ya cusa auduga ya shafe da kwalta.

"Maigida, kwando ka kawo mana?" Aka yi dariya. "A ina aka yi shi?"

"Agua Amarga," in ji Remigio.

Dariyar ta ƙaru. Remigio ya koma cikin mota ya zauna, ya bar kifinsa a kan taya. Da suka tashi Clorinda ta bar katifarta ta shiga gaba ta matsa kusa da shi.

Hanyar gaɓa siririya ce, dutse a dama, ruwa a hagu. Suka wuce wani kwari mai ɗan idon ruwa inda iyali ɗaya ke da itatuwan zaitun tun kaka da kakanni, matar gidan ta ɗaga musu hannu daga cikin awaki. Suka wuce wani gari da ba a zaune, wanda aka ce teku ta taɓa shiga ta fita da rabinsa, saura matakalar dutse da ke sauka cikin ruwa ba ta kai ko'ina. Tsuntsayen kwasakwasa suna shawagi a jere daf da igiyar ruwa. Clorinda ta riƙa kiran sunan kowane dutse a zuciyarta, wasu suka zo, wasu suka ƙi.

Suka isa Huanay rana ta karkata. Bukkokin katako ne kamar ashirin, da ciyawar teku a baje a kan yashi tana bushewa. Wani tsoho mai lanƙwasasshen baya yana juya ta da sanda. Sai da ya ɗago ta gane shi, don ya koma babansu sak.

Eleuterio ya dubi motar, ya dubi abin da ke kanta, sannan ya dube ta.

"Kin yi ƙiba."

"Kai kuma haƙoranka sun gudu sun bar ka, Yaya."

Ya yi tsaki, ya jefar da sandar, ya hau motar da kyar. Ya bi kwale-kwalen da tafin hannu daga hanci zuwa gindi. Ya daɗe a wajen hancin.

"Wa ya gaya masa ya ɗaga shi haka?"

"Ni."

"Hm." Ya sauko bai dubi Remigio ba. Ya ƙwala wa maza kira, aka zo aka sauke, aka gangara da shi a kan gungume har bakin ruwa, cikin ɗan lungun da igiyar ruwa ba ta shiga. Ya ce a loda masa duwatsu.

Ruwa ya fara shiga ta ko'ina, siriri-siriri, sannan da gaske. Remigio yana tsaye takalmansa a cikin jiƙaƙƙen yashi, yana kallon benci na tsakiya ya nutse, sannan rawayan bakin. Cikin ɗan lokaci ba abin da ya rage sai shuɗi yana rawa a ƙarƙashin ruwa. Ya cire hularsa ya juya zai tafi. Clorinda ta riƙo hannun rigarsa.

"Tsaya, tsoho. Ƙishirwa yake ji. Haka Baba yake yi wa sabo, a bar shi ya sha katakon ya kumbura ya haɗe."

"Da gaske kike, ko lallashi ne?"

"Da gaske nake." Abin da ba ta faɗa ba shi ne, ba ta taɓa ganin katakon da ya yi shekara ɗari a inda ba a ruwan sama ba, kuma ba ta san ko ya manta yadda ake sha ba.

"Kwana huɗu," in ji Eleuterio, yana magana da iska. "In bai haɗe ba mun samu itacen girki."

Nibaldo ya lodi ciyawarsa ya tafi, ya ce zai dawo bayan sati biyu. Aka ba su bukkar wata gwauruwa da ta tafi wajen 'yarta. Kwanakin suka yi tafiya a hankali. Hazo yakan kwana a kan ruwa har hantsi, sannan ya tashi. Remigio yakan zauna a kan dutse ɗaya tun safe yana leƙen shuɗin nan, ƙananan kifaye suna shiga suna fita ta tsakanin bencina. Clorinda ta ɗauki sanda ta shiga juya ciyawa kusa da yayanta, ba wanda ya gayyace ta, ba wanda ya kore ta. Kwana biyu ba su yi maganar da ta wuce ta aiki ba.

A rana ta uku da hantsi, Eleuterio yana sunkuye bai ɗago ba, ya ce, "Saƙon nan. Tun ran Alhamis Mama ta ce a kira ki. Da na aika a ranar da kin samu jirgin Asabar ta farko."

Clorinda ta juya wani dami, ta baje shi da ƙafa.

"Na ce ai za ta tashi," in ji shi. "Kuma ina jin haushinki. Ban san wanne ya fi yawa ba."

"Na sani."

Ya ɗago.

"Maƙwabciyarmu Doña Zoila ta gaya mini a hanya, tun ranar, kafin in iso ƙofarka."

"Shi ne ba ki taɓa faɗa ba?"

"Kai ya kamata ka faɗa."

Ya sunkuya ya ci gaba da juya ciyawa. Ita kuwa ba ta ji abin da ta zaci za ta ji ba. Gajiya ce kawai ta sauko mata, irin ta wanda ya sauke tulu bayan doguwar tafiya. Ta ce masa gobe ya raka ta makabarta, don ba ta san wanne ne kabarin mahaifiyarsu a cikin jerin ba. Ya ce to. Da yamma ya aiko da kifi biyu manya, an riga an gyara.

Safiya ta biyar ruwa ya janye, maza suka shiga har ƙugu suka fitar da duwatsun, suka jawo kwale-kwalen, aka yi ta kwarfa da bokiti. Katakon ya yi duhu ya yi nauyi. Remigio ya bi layukan da farce, bai samu inda zai shiga ba, sai wuri ɗaya a gindi da ke tsatsafowa. Ya fito da audugarsa da ƙaramar guduma ya durƙusa a cikin ruwa da wandonsa. Da ya gama aka tura. Kwale-kwalen ya yi ɗan lilo, ya zauna daram a kan ruwa. Aka jira. Cikinsa bai ƙara ko cokali ba.

Eleuterio ya shiga ya ɗauki filafilai, Clorinda ta shiga. Suka dubi Remigio.

"Ni aikina ya ƙare a nan," in ji shi.

"Shigo, suruki. Wanda ya dafa shi ke fara ɗanɗanawa."

Hazo bai tashi ba tukuna. Suna fita daga lungun ƙasa ta ɓace, ba sama ba gaɓa, sai fari ta ko'ina da ƙarar filafili. Can nesa zakunan teku suna kuka a kan wani dutse da ba a gani. Clorinda ta saki hannunta a cikin ruwan, sanyinsa ya hau har kafaɗa. Ba ta san tsawon lokacin da suka yi ba. Abin da ya dawo da ita shi ne Remigio, wanda ya riƙe gefe da hannu biyu, fuskarsa ta koma kalar toka, ya sunkuya ya amayar da shayin safe gaba ɗaya.

Eleuterio ya yi dariya har da tari. "Yana ɗan ja hagu," in ji shi bayan ya huta. "Amma na Baba ma haka yake." Ya juya da su gida.

Remigio bai sake shiga ba, ko sau ɗaya. Amma kafin sati ya zagayo, mutum uku daga cikin waɗanda teku ta yi wa ɓarna sun jawo ragowar nasu kwale-kwalen sun ajiye a gaban bukkar. Ya kafa rumfa da buhuna, ya ari zarto. Da Nibaldo ya dawo ya danna ham a bakin hanya, Remigio ya fito da fensir a bayan kunne ya ce masa ba yanzu ba, sai dai wata mai zuwa, ko na bayansa.

"To ni me zan ce wa mutanen Agua Amarga?"

"Ka ce kowa ya yi haƙuri kada ya mutu tukuna."

Clorinda ta miƙa wa Nibaldo mabuɗin gida da wata 'yar takarda. A ciki ta rubuta abin da zai kawo musu: akwatin kayan aikin Remigio, bargo biyu, keken ɗinkinta. Ta ce ya naɗe keken da kyau saboda ƙura, kuma in ya biyo ta Santa Ludovina ya sauke wa Doña Audolina wannan ƙunshin busasshen kifi. Nibaldo ya karanta takardar, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya tambaya ko akwai sauran shayi.